Makin Jirgin Sama Da Tsabar Kuɗi: A Yi Lissafi Kafin A Yi Murna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya Dubai da Guangzhou da Istanbul da Alƙahira, da masu yawan zuwa Umara, da kuma 'ya'yanmu da ke karatu ko aiki a ƙasashen waje. Al'amarin shi ne makin nan da kamfanonin jiragen sama ke tara wa fasinja duk lokacin da ya hau jirginsu, wanda wasu ke kira mil, wanda kuma idan ya taru ake iya yankar tikiti da shi. Na daɗe ina harkar fatauci, kuma a 'yan shekarun nan na lura abokan sana'a sun fara ambaton makinsu a cikin jerin abin da suka mallaka, har wani ya buɗe wayarsa ya nuna maka adadin da ya tara da irin alfaharin da mutum ke nuna takardar fili. Ra'ayina shi ne maki alkawari ne kawai, kuma wanda ya yi alkawarin shi ne ke da ikon yanke masa farashi a duk ranar da ya ga dama, don haka bai kamata a auna shi da ma'aunin da ake auna kuɗi ba.

Wannan tsari a Amurka ya yi ƙarfi. Bayan gwamnatin ƙasar ta cire hannunta daga ƙayyade kuɗin tikiti a 1978, gasa ta yi zafi tsakanin kamfanoni, sai American Airlines ya fito da shirinsa na AAdvantage a watan Mayun 1981, United ya bi sahu cikin 'yan kwanaki. Manufar a fili take, wato a ɗaure fasinja da kamfani guda, a kuma ba shi ladan biyayyarsa da kujerar da ko ba a ba shi ba jirgi zai tashi da ita babu kowa a kai. Yau kusan duk jirgin da ke sauka a filin Malam Aminu Kano ko Abuja ko Legas yana da irin nasa. Ethiopian na da ShebaMiles, Qatar Airways na da Privilege Club wanda ya koma amfani da makin Avios a watan Maris na 2022, Saudia na da Alfursan, Emirates na da Skywards, Turkish Airlines na da Miles&Smiles.

Abin da yawancin fasinjoji ba su sani ba shi ne makin ya daɗe da zama haja mai zaman kanta. Kamfanin jirgi na ƙirƙirar maki ba tare da ya kashe wani abin kirki ba, ya sayar wa bankuna da tsabar dala, su kuma bankunan su raba wa masu katin bashinsu. Kamfanin Delta kaɗai ya karɓi kimanin dala biliyan 6.8 daga kamfanin katin bashi na American Express a shekarar 2023 ta wannan hanya. Da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020, manyan kamfanonin Amurka da suka je neman rance shirin makinsu suka jingina: United ya ciyo dala biliyan 6.8, Delta biliyan 9, American kuma biliyan 10 a watan Maris na 2021. A watan Yunin 2020 United ya ƙiyasta darajar shirinsa na MileagePlus a kan kusan dala biliyan 22, wato kimanin ninki biyu na abin da hannun jarin kamfanin kansa ya kai a kasuwa. Ɗan kasuwa ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani. Idan shirin kyauta ya fi kamfanin da ke ba da kyautar daraja, to akwai inda ribar ke fitowa, kuma tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin farashin da aka sayar da makin da abin da kamfanin ke kashewa ranar da fasinja ya zo karɓar ladansa, haɗe da ɗimbin makin da ke ƙonewa ba a taɓa amfani da shi ba.

Tunda kamfani ne ke buga makin kuma shi ke karɓarsa, babu abin da zai hana shi ƙara yawan makin da tikiti ke ci. A da kowane kamfani na wallafa jadawali, fasinja ya san tafiya kaza tana cin mil kaza, ya yi ta tarawa da buri a ransa. A watan Fabrairun 2015 Delta ya cire nasa jadawalin daga shafinsa na intanet, wasu suka biyo baya, aka koma tsarin da yawan makin ke hawa da sauka tare da kuɗin tikitin wannan rana. A cikin wannan shekarar kuma Delta da United suka daina ba da mil bisa nisan tafiya, suka koma bayarwa bisa yawan kuɗin da mutum ya biya, abin da ya fi shafar mai neman tikitin araha. Ƙorafi ya yi yawa har Ma'aikatar Sufurin Amurka ta buɗe bincike a watan Satumban 2024 a kan shirye-shiryen American da Delta da Southwest da United, tana neman bayani a kan yadda ake rage wa makin jama'a daraja. Wannan fa a ƙasar da ke da hukumomin da ke sa ido ke nan. Kuma idan kamfani ya durƙushe, mai maki na can ƙarshen layin masu bin bashi, kamar yadda fasinjojin Air Berlin na Jamus suka gani a 2017 lokacin da kamfanin da shirin makinsa suka karye a wata guda.

To yaya mutum zai san abin da makinsa ya kai? Lissafin ba shi da wuya, sai dai mutane ba sa son yin sa saboda yana rage daɗin labarin. Bari in kawo misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin fahimta. A ce tikitin zuwa da dawowa na kujerun gama-gari naira 1,200,000 ne, kamfani kuma ya ce zai ba ka shi a kan mil 60,000, amma za ka biya harajin filayen jirgi da ƙarin kuɗin mai na naira 300,000 daga aljihunka. Abin da makin ya ɗauke maka naira 900,000 ne, idan ka raba da 60,000 kowane mil ya tashi naira 15. Wannan naira 15 ita ce ma'auninka. Yanzu a ce ejan ya kawo maka tikiti biyu na tafiya ɗaya, na kamfanin da kake tara maki a wurinsa ya fi ɗayan tsada da naira 150,000, kuma tafiyar za ta ba ka mil 4,000. Mil 4,000 sau naira 15 ya kama naira 60,000. Ke nan ka biya 150,000 a yau don ka sayi abin da bai wuce 60,000 ba, wanda kuma ba za ka mora ba sai wata shekara, idan ka samu kujera. Na sha ganin mutumin da zai yi rabin sa'a yana ciniki a kan naira 200 a kowane yadi a Kantin Kwari ya yi wannan asarar yana murmushi.

Maki a ganina gyara ne irin wanda mai tumatir ke ɗora wa mai saye a kan kashi. Ana karɓa a yi godiya, amma babu uwargidan da za ta bar mai kashin naira 500 ta tafi wurin mai na naira 800 saboda gyaransa ya fi auki.

Akwai kuma wani lissafin da ke ruɗar masu ilimin cikinmu fiye da kowa, shi ne na kujerun alfarma. Mutum zai ce ya yanki tikitin da kuɗinsa ya kai naira miliyan 5 da mil 120,000 da ƙarin naira 500,000, saboda haka kowane mil ya ba shi naira 37 da ɗoriya, ya ninka na gama-gari fiye da sau biyu. A kan takarda gaskiya ne. Tambayar da ya kamata ya yi wa kansa ita ce ko da babu maki zai ciro miliyan 5 daga jarinsa ya zauna a wannan kujera. Idan amsar a'a ce, to bai adana miliyan huɗu da rabi ba, abin da ya faru shi ne ya ƙona makin da zai kai shi sari sau biyu a tafiya ɗaya, ya kuma biya haraji fiye da na gama-gari. Ban ce kada mutum ya ji daɗi ba, musamman dattijon da gwiwa ke damu ko mai rakiyar mara lafiya zuwa asibiti a Alƙahira ko Indiya, waɗanda kwanciya a jirgi buƙata ce a wurinsu. Amma a kira abin da sunansa, jin daɗi ne aka saya, kuma darajar maki ta gaskiya ita ce kuɗin da da ma za ka biya a tafiyar da da ma za ka yi.

Sai dai adalci ya sa dole in kawo hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wurin masu fifita maki, domin hujja ce da ta shafe mu kai tsaye, kuma masu ba da shawara a Turai da Amurka ba sa fuskantarta. Su idan suka ce kuɗi ya fi maki, dala ko fam suke nufi. Mu kuwa naira ce a hannunmu. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a tsakiyar watan Yunin 2023, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500, sannan hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS. Tikitin ƙasashen waje da dala ake lissafa shi. Wanda ya ajiye naira miliyan ɗaya a banki a farkon 2023 da niyyar tikitin baɗi ya wayi gari kuɗin ba su kai rabin tikitin ba, shi kuwa mai mil 60,000 bai ji wannan girgizar ba. A wannan ɗan tsakanin, babu musu, maki ya fi naira riƙe daraja.

Duk da haka hujjar ba ta kai inda masu ita ke son kai ta ba. Abin da ta nuna shi ne raunin ajiye naira a kwance, kuma ɗan kasuwa ba ya ajiye kuɗi a kwance. Naira 150,000 da bai ƙara wa kamfanin jirgi ba zai iya zuwa kasuwar canji ta Wapa ya mayar da ita dala a ranar, ko ya zuba ta a kaya ta juya sau uku ko huɗu kafin shekara ta zagayo. Dala tana biyan tikitin kowane kamfani, tana biyan otal da kuɗin kargo da kuɗin makarantar yara. Mil kuwa ƙofar da kamfanin ya amince da ita kaɗai yake buɗewa, ita ma sai mai ƙofar yana nan. Ba mu manta ba, a shekarun ƙarancin dala kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800 a tsakiyar 2023 bisa alƙaluman ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, kuma a kan wannan matsala Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen Oktoban 2022, bai dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoban 2024. A cikin kusan wannan lokacin kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza. Ƙa'idar Skywards ga akasarin membobi ita ce mil na da wa'adin shekara uku. Mai tarin mil a Kano bai yi laifin komai ba, rikicin tsakanin gwamnatoci da kamfani ne, amma kusan shekara biyu jirgin da zai kashe makin a cikinsa ba ya sauka a ƙasarsa.

Haka kuma darajar mil tana faɗuwa idan tikiti ya yi araha. Da Air Peace ya fara jigila daga Legas zuwa Landan a ƙarshen Maris na 2024, kamfanonin waje suka sassauta farashi a wannan hanya. Mai kuɗi a hannu ya ci moriyar saukin nan take, mai maki kuwa abin da kowane mil ke ɗauke masa ne ya ragu.

Inda nake ganin tsarin na da amfani na zahiri ga ɗan kasuwa shi ne wajen kaya, kuma abin mamaki nan ne mutanenmu suka fi sakaci. Mil iri biyu ne ake rubuta wa fasinja, akwai wanda ake kashewa a yanki tikiti, akwai kuma wanda ke ɗaga matsayin mutum daga katin farko zuwa na azurfa zuwa na zinare. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna cikin ƙawancen kamfanonin jirage na Star Alliance, kuma mai katin zinare a ɗayansu yana samun ƙarin jaka guda ko kilo 20 a jiragen ƙawancen, in ban da wasu nau'o'in tikiti masu rahusa da aka keɓe. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban sikeli a filin jirgin Guangzhou ko Dubai, ana ce masa kayansa sun haura, ya durƙusa a gaban jama'a yana buɗe jaka yana ciro bandir ɗin leshi yana cusa wa abokin tafiya, layi na bayansa na tsaki, ya san abin da ƙarin jaka guda ke nufi. Wannan riba ce da ake ƙirgawa da dala a ranar, ba a jiran wata shekara. Saboda haka mai tafiya akai-akai ya fi dacewa ya riƙe lamba ɗaya a ƙawance ɗaya, ya riƙa ba da ita ko da jirgin wani ɗan ƙawancen ya hau, maimakon ya warwatsa tafiye-tafiyensa a kati huɗu babu wanda ya kai ko'ina. Ko a nan ma sai ya kwatanta kuɗin ƙarin jakar da tsadar tikitin, da kuma abin da zai biya idan ya tura kayan ta kargo.

Masu tara maki da niyyar Umara su ma akwai abin lura. Kujerun da ake bayarwa da maki ƙalilan ne a kowane jirgi, kuma kamfani na sakin su ne a lokacin da yake tsoron tashi da kujeru babu kowa. Goman ƙarshe na Ramadan kuwa lokaci ne da ake rububin kujerar Jidda da Madina da tsabar kuɗi, don haka wanda ya dogara da maki a wannan lokaci ya shirya jin cewa babu wuri, ko a faɗa masa adadin da ya ninka abin da ya tara. Ƙari a kan haka, tikitin rukuni da ejan ke haɗawa da biza da masauki sau da yawa yana cikin ajin da ke ba da mil kaɗan ko ma babu sam. Wani abokin sana'ata ya dawo daga irin wannan tafiya ya yi ta duba asusunsa bai ga an zuba komai ba, ya je ya tayar wa ejan da hankali, alhali harafin ajin tikitin da ke jikin takardarsa tun farko ya nuna ba a ba da mil a kansa. Da an gaya masa kafin ya biya, da babu rigima.

Sai batun mallaka, wanda nake ganin ya fi kowanne nauyi a al'ummar da ke ɗaukar gado da muhimmanci. Sharuɗɗan shirye-shirye da dama, ciki har da na Delta da American, sun faɗa ƙarara cewa mil ba dukiyar fasinja ba ce. Wasu kamfanonin na yarda a mayar wa magada idan an kawo takardun rasuwa, wasu kuma asusun na mutuwa ne tare da mai shi. Attajirin da ya bar mil dubu ɗari biyar a asusun da iyalinsa ba su san lambar sirrinsa ba ya bar abin da a lissafinmu na sama ya kai naira miliyan bakwai da rabi, amma mai rabon gado ba zai gan shi a ko'ina ba. Sayar da mil ga dillalai kuwa ya saɓa wa sharuɗɗan kusan kowane kamfani, kuma idan aka gano ana iya rufe asusun mai sayarwa a soke tikitin mai saye, wani lokaci yana tsaye a gaban kanta da fasfo a hannu. Duk wanda aka yi wa tallan tikiti mai arahar da ta wuce hankali a WhatsApp ya tambaya ko da makin wani aka yanke shi, domin akwai ɓarayin da sana'arsu ke nan, kutsawa asusun mutane su kwashe mil su sayar.

'Ya'yanmu da ke Amurka su ne suka fi fuskantar wannan zaɓi a kullum, saboda can banki kan tambaye ka ko katin da ke tara mil kake so ko wanda ke mayar maka da wani kaso na abin da ka kashe. Akwai katunan da ke mayar da kashi 2 cikin 100 tsaba, alhali masu ƙiyasta darajar mil na yawancin kamfanonin ƙasar kan sa shi tsakanin santi ɗaya da ɗaya da rabi (santi ɗari ne dala ɗaya). Ladan ma daga kuɗin da banki ke cira a hannun mai kanti yake fitowa, shi ya sa a Tarayyar Turai, inda aka ƙayyade wannan kuɗin a kashi 0.3 cikin 100 na katin bashi tun 2015, garaɓasar maki ba ta kai ta Amurka ba. Kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara, don haka yaron da ya kasa biyan bashinsa duka a ƙarshen wata kuɗin ruwa na iya cinye ladan da ya samu, ban da shiga riba da addininmu ya yi hani da ita.

Ina roƙon ƙungiyar ejan-ejan na tafiye-tafiye ta sa mambobinta su riƙa rubuta wa fasinja ajin tikitinsa da yawan mil da zai samu a jikin rasit, kusa da farashin tikiti mafi araha na wannan rana, don mutum ya ga tazarar da idonsa kafin ya biya. Ina kuma roƙon ka, Malam Edita, ka miƙa tambaya ga malaman da ke amsa fatawa a shafinku na Juma'a, su yi mana bayani a kan matsayin wannan maki a rabon gado, da hukuncin saye da sayar da shi, da kuma ma'aikacin da ofis ya biya masa kuɗin tikiti amma makin ya shiga asusunsa na kansa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani ɗan kasuwa daga Fagge, Kano